Faransancin da Ya Sha Ruwan Malinke

Sau biyu muna ɗaukar Les Soleils des indépendances na Ahmadou Kourouma muna ajiyewa. Mu da muka yi boko da Faransanci a nan Kamaru, an hore mu a kan cewa jimla tana da ƙa'ida, wanda ya karya ta kuwa ya sha bulala. Sai ga marubuci ɗan Kodibuwa ya buɗe littafinsa da mutumin da ya "ƙare" maimakon ya mutu, inuwarsa kuma ta miƙe ta kama hanyar garinsu. Muka ce anya ya iya Faransanci kuwa? Masu ɗab'i a Faris ma da farko sun ƙi shi. A Montreal aka fara buga shi a 1968, kafin kamfanin Seuil ya karɓe shi a 1970.

Wahalar ba ta tsaya ga kalmomi ba. Fama, jinin sarautar Dumbuya, 'yancin kai ya bar shi ba mulki ba fatauci, sai yawon gidajen makoki yana jiran rabon sadaka. Labarin matarsa Salimata kuwa ba ya tafiya a miƙe: tana tsaka da neman haihuwa sai ranar kaciyarta ta faɗo mata, mai karatu ya rasa a jiya yake ko a yau. Mai ba da labarin yana ashar, yana karin magana, har yakan juyo ya yi wa wanda ba Bamalinke ba gori.

A karo na uku, sunan littafin ne ya warware mana ƙullin. Bafaranshe zai yi mamakin yadda ranar sama ta zama jam'i. Mu kuwa kalma ɗaya gare mu ga wadda ke fitowa daga gabas da wadda ake ƙirgawa, don haka "ranakun 'yancin kai" ba baƙuwar magana ba ce a kunnenmu. Kuma ai "ya cika" muke cewa idan rai ya yi halinsa. Daga nan muka ajiye kunnen malamin aji, muka riƙa karantawa da murya, kamar hirar dattawa a unguwar Briketeri bayan isha'i. Har yanzu akwai shafukan da suka fi ƙarfinmu, amma mun kai ƙarshe.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne 'ya'yanmu. Idan suka dawo daga makaranta da Faransanci mai ƙanshin Hausa, mu ne kan gaba wajen tsawata musu. Makon jiya ɗayansu ya ce da Faransanci zai fita ya "sha iska". Har mun buɗe baki za mu gyara masa, sai muka yi shiru.