Lambun Tsirrai na Limbe

Lambun tsirrai na Limbe yana bakin teku, a gindin Dutsen Kamaru. Jamusawa ne suka kafa shi a 1892 don gwajin noman koko, kofi da roba. A lokacin ana kiran garin Biktoriya, sunan da ɗan mishan Alfred Saker ya raɗa masa a 1858. Daga baya aikin mishan ya koma hannun 'yan mishan na Basel, kuma daga nan Cocin Firesbiteriyan na Kamaru ya samu cin gashin kansa a 1957. Ginin tunawa da Saker na nan a garin.

Bahaushen unguwar Briqueterie ta Yawunde, wanda ya saba da cunkoso da hayaƙin tsire, yakan samu natsuwa ƙarƙashin waɗannan tsofaffin itatuwa. Lambun ya cancanci kulawa.