Jiran Jirgin Sama

Ku 'yan makaranta, kun karanta a labarin ƙasa cewa jirgin sama ya taƙaita duniya. Gaskiya ne, amma akwai abin da littafi bai faɗa muku ba.

A shekarar 1925 jiragen sama suka fara sauka Kano, na sojan Ingila ne, daga Masar suka taso. Cikin 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Hartum zuwa Kano, ana yada zango a Fashir da Maiduguri. Masu shiga jiragen wancan zamani sun sha wuya. Jirgin ƙarami ne, ƙararsa ta cika kunne, ba ya kuwa iya hawa can sama inda iska ke kwance, sai ya yi ta tangaɗi cikin zafin rana har mutum ya amayar da abin da ya ci.

Yau duk wannan ya wuce. Tafiyar Makka da kakanninmu ke yi shekara da shekaru a ƙasa, har waɗansu suka zaune a Sudan ba su komo ba, yanzu kamar awa biyar ce daga Kano zuwa Jidda. To, me ya sa har yanzu muke kuka?

Mu dai a ganinmu, ba jiran ne ke cin rai ba, rashin bayani ne. Fatake ma suna kwana uku a zango guda, amma madugu yakan tara ayari ya ce rafi ne ya kawo, ko kuwa an ji labarin 'yan fashi a gaba. Kowa ya san dalili, sai ya sauke kaya ya ɗora tukunya. Ma'aikacin jirgi kuwa, in ka tambaye shi, sai ya ce, "Yanzun nan," ya kau da kai. Wataƙila hazo ne ya rufe fili, wataƙila inji ake gyarawa. Ai da an faɗa, ba mai hankalin da zai ce a tashi da shi haka nan.

Mun taɓa wuni a wani fili, tikiti a hannu, tun hantsi har bayan isha. Kusa da mu wata tsohuwa ce, ba ta jin Turanci, da Turanci kuwa ake shela. Ta ƙi tashi neman abinci, alwala ma a gurguje ta yi, don tsoron kada a kira jirginta ba ta nan. Ashe tun azahar ma'aikata sun san jirgin ba zai zo ba sai gobe.