Sifilin da na rubuta a mota

Ranar wata Asabar da aka tashi da ruwa da iska na yi wa tsuntsun kiwi ƙarya.

Tarkuna goma sha huɗu aka damƙa mini a wani tudu da ke yammacin Welinton, babban birnin Niyu Zilan. Aikin sa-kai ne. Ka buɗe akwatin katako, ka sauya ƙwan da ake yaudarar dabba da shi, ka shigar da abin da ka tarar a manhajar Trap.NZ. Na duba tara, sanyi ya ci ƙarfina, na koma mota na rubuta wa sauran biyar sifili. Ai kullum ba a samun komai, na ce a raina.

Abin da muke hako shi ne sitot, wata 'yar dabba mai kama da tunku, wadda Turawa suka kawo a shekarun 1880 don ta rage musu zomaye. Sai ta koma kan tsuntsaye. Kiwi ba ya tashi, a ƙasa yake kwana, da dare yake kiwo yana shinshina ƙasa da hancin da ke can ƙarshen dogon bakinsa. Inda ba a ɗana tarko, a cikin 'ya'ya ɗari da kyar biyar ke girma. Sai ɗan ya kai wajen kilo ɗaya yake iya kare kansa. Dubban tarkuna aka baza a waɗannan tuddai kafin a yarda a sako kiwi a nan a 2022.

Abin kunyar shi ne sana'ata rubuta manhaja ce. Na sha yi wa ƙananan ma'aikata faɗa a kan bambancin sifili da gurbin da aka bari fanko. Sifili na nufin na je, na gani, babu. Fanko na nufin ban sani ba. Da waɗannan alƙaluma masu tsara aikin ke gane inda sitot ya ragu da inda ya dawo.

Daren ban yi barcin kirki ba. Da safe na goge biyar ɗin, na aika wa dattijuwar da ke kula da layinmu saƙo na faɗa mata gaskiya. Amsarta gajeriya ce: yaushe za ka koma?

Na koma ranar Talata kafin aiki. Huɗu babu komai. A na biyar na tarar da ɓera ya kumbura, tarkon a rufe, wato ya yi kwanaki ba ya kama komai. Na cire shi, na sa sabon ƙwai, na sake ɗanawa.