Insburuk: Inda Ake Tambayar Ƙwayar Zarra Labarin 'Yar'uwarta

'Yan'uwa ɗalibai, gani ya kori ji. A hutun da ya wuce, mu 'yan ajin kimiyyar lissafi da fiziks muka kai ziyarar karatu Insburuk, wani gari a ƙasar Ostiriya da ke kwance tsakanin duwatsun Alps, kogin Inn ya ratsa tsakiyarsa. An kafa jami'arsa tun 1669. Sai dai abin da ya kai mu yana cikin wani ɗakin bincike mai duhu, cike da madubai da wayoyi.

A can aka nuna mana ƙwayoyin zarra na kalsiyam masu caji, jere kamar carbi a cikin wani akwatin ƙarfe da aka zuƙe wa iska. Wutar lantarki ce ke riƙe su, hasken leza kuma ke juya su yadda ake so.

Me ya sa ake wannan wahala? Ƙananan halittu irin su ilektiron suna bin dokokin kwantum, kuma lissafinsu kan gagari kwamfuta. Don bayyana halin guda 50 kacal, ana bukatar lambobi fiye da tiriliyan 1,000. A 1981 Richard Feynman ya kawo shawara: da ɗan gari akan ci gari. A samu ƙwayoyin da za mu iya sarrafawa, a sa su kwaikwayi waɗanda suka gagare mu, sannan a auna sakamakon. A nan Insburuk ne Ignacio Cirac da Peter Zoller suka tsara yadda za a yi lissafi da irin waɗannan ƙwayoyi a 1995. A 2016 kuma aka yi amfani da guda 4 wajen kwaikwayon yadda ilektiron da kishiyarsa ke ɓullowa daga fili wayam.

Da muka fito, hirarmu ta koma gonakin gida. Ƙwayoyin bakteriya da ke saiwar wake da gyaɗa suna kamo sinadarin naitirojin daga iska cikin sauƙi, alhali masana'antar takin zamani sai ta yi amfani da zafin da ya kai digiri 400. Har yanzu ba a gama gane dabarar bakteriyar ba, kuma masana na fatan injinan kwantum su taimaka wajen warware ta. Aikin da sauran tafiya, amma duk wanda ya ga mahaifinsa yana lissafin kuɗin buhun taki ya san dalilin da ya sa muka dawo muka rungumi littattafanmu.