Murya huɗu a ƙasar Adar: daga Bambey zuwa Agye

Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Baƙon da ya kwana a Bambey, kudu maso yammacin Tawa, ba ya bukatar a fassara masa wannan magana. Da asuba kiran salla ke tada gari. Da hantsi lugude ya ɗauka daga gida zuwa gida. In damina ta kankama sai a ji gangar noma daga gonakin da ke tsakanin duwatsu, in kuwa an tara hatsi a rumbu, dandali ya koma hannun ƴan kokowa da makaɗansu. Adar ƙasar kiɗa ce. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, kuma sunan mawaƙin Adar, Ɗan Gurmu, shi aka sa wa babbar gasar waƙa ta Nijar.

Sai dai a nan waƙa gado ce. Makaɗi ɗan makaɗi ne, ya tashi yana ɗaukar wa ubansa ganga, yana amshi, har hannunsa ya faɗa. Ba a shiga aji don a koye ta, ba a kuma rubuta ta a takarda. Ɗan sarki ko ɗan malami da ya rataya kalangu ya jawo wa gidansu magana. Shi ya sa mutumin Bambey kan yi mamaki in ya isa Tawa ya iske ƴan makaranta, waɗanda ba su gaji kiɗa ba, sun jeru sahu-sahu gaban allo suna koyon waƙa kamar yadda ake koyon lissafi.

Lahadi a Tawa

Ranar Lahadi kasuwar Tawa ke ci. Buzaye da raƙuma, Fulani da shanu, motocin ƙauye shaƙe da buhuna, ƴan kabu-kabu suna kutsawa tsakanin jama'a. A wannan safiya ce kuma, bayan wasu katangu da mai wucewa ba zai ma lura da su ba, majami'un garin ke buɗe ƙofa, ta Katolika da ta masu bishara. Kiristoci ba su kai ɗaya bisa ɗari na mutanen Nijar ba a ƙidayar 2012, kuma a arewacin Adar sun fi haka ƙaranci. Ba a gina wa kiɗan majami'a makaranta ta kansa a wannan yanki ba. Ƙungiyar mawaƙa, wadda kowa ke kira koral, ita ce makarantar, ita ce kuma ajin.

Yawancin masu cika bencinta ɗalibai ne: na kwalejoji, na lise Agabba, da na jami'ar Tawa da aka kafa a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan masanin tarihin Adar, Djibo Hamani. Ga ɗiyar malamin asibiti da aka yi wa canjin aiki daga Maraɗi, ga ɗan jandarma daga Dogon Dutsi, ga Bagurme daga wajen Makalondi da ya zo karatun shari'a, ga ƴaƴan makanikai da teloli daga Benin da Togo, ga na Inyamurai masu sayar da kayan gyaran mota. Tawa ta saba da tura samarinta cin rani Abijan da Najeriya da Libiya; waɗannan kuwa su ne baƙin da karatu ya kawo mata.

Ɗalibin da ya sauka a tasha cikin watan Oktoba da akwati guda, bai san kowa ba, koral ce kan zame masa dangi. Can zai ji labarin ɗakin haya mai sauƙi. In kuɗin burs ya makara, kamar yadda ya saba, asusun ƙungiya kan rufa asiri da tiyar shinkafa. In masassara ta kayar da shi, ƴan muryarsa ne za su kai shi likita su kwana a kansa. Har lokacin yajin karatu, sa'ad da azuzuwa ke rufe makonni, koyon waƙa ba ya tsayawa.

Yadda ake koyo

Da marecen Asabar ake haɗuwa, bayan rana ta yi sanyi. Mai koyarwa, metur, sau da yawa shi ma ɗalibi ne, ya gaji aikin daga wanda ya gama ya tafi. Zai raba jama'a gida huɗu: ƴan mata masu siririyar murya, soparano; masu bi musu a ƙasa, alto; samari masu murya ta sama, teno; sai masu kauri, bas, a sahun baya. Kowane gida da hanyarsa, kuma dole hanyoyin huɗu su tafi tare ba tare da ɗaya ta taka ɗaya ba.

Nan ne wahalar take ga kunnen Bahaushe. Waƙar da ya tashi da ita, mutum ɗaya ke bayarwa, sauran su amsa da murya guda. Ka ce wa yaro ya riƙe tasa hanya alhali na kusa da shi yana bin wata, kamar ka ce ya yi tafiya a kasuwa bai goga kafaɗa da kowa ba. Sabon shiga yakan yi wata biyu yana zamewa cikin muryar maƙwabcinsa. Metur ya buga tebur, a koma farko.

Abin da ke kan allo kuwa ya yi doguwar tafiya kafin ya iso Adar. Sunayen sautuka da ake rerawa, su re, mi, fa, sol, la, sun samo asali daga wani malamin majami'a na ƙasar Italiya, Guido na Arezzo, a ƙarni na 11. A ƙarni na 19 wani fasto na Ingila, John Curwen, ya yaɗa hanyar rubuta su da haruffa kawai, yadda talaka zai iya karanta waƙa ba tare da ya san layuka biyar na Turawa ba. Ta hannun mishan wannan hanya ta bazu a Najeriya, kuma ita ce ke sa a kwafe waƙa sukutum a bayan littafin darasi.

Kayan kiɗa ba su da yawa: piyano na lantarki da aka yi karo-karo aka sayo daga Kano ko Kotonu, gita, ganguna, caki. In wuta ta ɗauke, piyano ya yi shiru, ganga da tafi su riƙe waƙar har ta kai gaci. Wanda ya makara ya biya tara ta ƴan daloli. Gab da Kirsimati, cikin sanyin hunturu, ana dinga haɗuwa kusan kullum, a yanki atamfa iri ɗaya a kai wa tela. Bikin Ista kuwa yana faɗowa a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Tawa ke busar da maƙogwaro, jarrabawa kuma tana ƙaratowa. Uwaye da yawa, musamman ma'aikata, sukan yi gunaguni cewa waƙa tana cin lokacin karatu. Amsar ɗalibai ita ce, wanda ya iya tsayawa gaban jama'a ya buɗe baki bai yi rawar jiki ba, ba zai ji tsoron malaman jarrabawar baka ba.

Littafin da ya zo daga kudu

A majami'un masu bishara, littafi biyu ne ke hannun kowa: Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi. Dukansu daga Najeriya suka ƙetaro. An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, aikin da likita Walter Miller na Zariya ya yi wa jagora. Hausarsu ta Kano da Zazzau ce. Yaron Adar da ke cewa "shina tahiya" a gida, ya ce "hwari" da "ɗiya", in ya buɗe littafi sai ya koma "yana tafiya", "fari" da "ƴaƴa". Yana waƙa da harshensa, amma da bakin wasu.

Akwai matsalar da ta fi wannan. Yawancin tsofaffin waƙoƙin fassara ne, an ɗora kalmomin Hausa bisa karin da aka tsara don Ingilishi. Hausa kuwa harshe ne da hawa da saukar murya ke canza ma'ana. Kukan jariri dabam, kukar miya dabam. Wuyar rayuwa dabam, wuyan riga dabam. Tsawon wasali ne kawai ya raba garin tuwo da garin Tawa. In karin Bature ya hau inda kalma ke sauka, ko ya ja gaɓar da take gajera, sai tsohuwar da ke zaune a baya ta ji daɗin sauti amma maganar ta wuce ta. Makaɗin Bambey bai taɓa yin wannan kuskure ba, domin shi daga bakin magana yake ciro karinsa, kalangunsa ma magana yake yi. Ɗaliban da suka gane haka su ne suka soma tsara nasu waƙoƙi: su ɗauki aya, su faɗe ta da baki sau goma, su saurari inda take hawa da sauka, sa'an nan su nema mata kari.

Hanyar Galmi da Maraɗi

Mai son ganin tushen abin sai ya bar Tawa ya yi kudu, ya ratsa Badagishiri, ya faɗa babbar hanya a Tsarnawa, ya juya gabas. Bayan hayaƙin siminti na Malbaza sai Galmi, garin albasa, inda mishan SIM ta buɗe asibiti a 1950. Marar lafiya daga ko'ina cikin Adar, har daga Najeriya, ya san wannan ƙofa, kuma mutanen karkara da dama a can suka fara jin waƙar majami'a da Hausa. Gaba kuma, bayan Madawa da Gidan Rumji, ga Tsibirin Gobir, inda mishan ɗin, wadda ta fara sauka Damagaram a 1924, ta kafa makarantar da ta yaye da yawa daga cikin Kiristocin Nijar na farko masu ilimin boko. A Maraɗi aka aza harsashin ikilisiyar EERN a farkon shekarun mulkin kai. A Agye kuwa akwai makarantar Littafi Mai Tsarki, inda masu shirin zama fasto ke karatu, waƙa tana cikin abincinsu na safe da marece.

Turawan mishan na farko ba su yarda da ganga ba. A ganinsu, kiɗan ƙasa na bori ne da shaye-shaye, kuma a ƙasar da goge da ƙwarya ke kiran iskoki, tsoron nasu yana da dalili. Sai dai sun zubar da tuwo tare da ƙasarin. Mata ne suka fara dawo da kiɗa ta ƙofar baya: ƙungiyoyin zumuntar mata, da tulunansu da caki da salon bayarwa da amshi, sun sa majami'a ta yi ƙamshin gida. Matasa suka biyo da ganga da gita. Wajen Katolika kuwa, babban taron Batikan na 1962 zuwa 1965 shi ya buɗe hanya ga harsunan ƙasa da kiɗansu cikin ibada. Yau majami'ar Katolika ta Tawa tana ƙarƙashin Maraɗi, wadda ta samu bishop nata a 2001, kuma a ibada guda koral kan sauya baki daga Faransanci zuwa Hausa zuwa harshen wasu baƙin gaɓar teku.

Wanda ya so ya mai da kiɗa sana'a da takardar shaida, tafiya ta kama shi. Ko ya nufi Yamai, cibiyar Elhaji Taya da aka buɗe a 1989, ko ya ƙetara Najeriya, inda makarantar tauhidi ta Baptis a Ogbomosho ke da sashe na musamman don kiɗan majami'a. Kaɗan ne ke da halin haka. Sauran sukan gama su zama akawu, alƙalai, malaman makaranta. Kowace shekara, da an fito daga jarrabawar watan Yuni, koral ta rasa gwanayenta, a watan Oktoba kuma a koma do, re, mi da sababbi.

Katanga ɗaya

Ba a manta da 16 da 17 ga Janairun 2015 ba, ranakun da fushin zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ya faɗa kan majami'u a Damagaram da Yamai. Mutane goma suka rasa rayukansu, majami'u da dama suka ƙone, tare da bencina da littattafai da kayan kiɗan da aka yi shekaru ana tara kuɗinsu. Ba a kuma manta da Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista cikin ɗakunansu ba. Ɗalibin da ke waƙa a Tawa ya san duka biyun. Ya san abokin ɗakinsa Musulmi ne, tare suke shan shayi a fada, shi ke kai masa naman layya, shi kuma ya kai masa shinkafar Kirsimati. Metur mai hankali yakan rage lasifika in ladan ya ɗaga murya a masallacin unguwa. Ba doka ce ta ce a yi haka ba. Zaman tare ne ya koyar.

Da marecen Lahadi motocin kasuwa ke komawa Bambey, fasinja bisa buhuna, awaki a ɗaure a baya. A dandalin garin, ɗan makaɗi yana ɗaure tsarkiyar ganga kamar yadda ya ga ubansa na yi, bai san do ba, bai san re ba. A Tawa kuwa wata ɗaliba tana kwafe sabuwar waƙa da hasken tocila, tana gwada kalma a baki don ta ji ko karin ya karya ta. Abin da take nema da alƙalami yana cikin hannun yaron nan. Abin da zai hana waƙoƙin ubansa bin shi kabari yana cikin littafinta. Tsakaninsu tafiyar hantsi ce, amma har yau ba safai suke zama tabarma ɗaya ba. Allah ya kawo ranar, ya kuma bar Adar da zaman lafiya.