Zanen Fuskar Inna a Kan Katako

Katako bai san launi ba. In kana son fitar da fuskar mutum da zarton zayyana, wannan ƙaramin injin mai ruwa siriri kamar tsinke da ke hawa da sauka, abu biyu kawai gare ka: inda ka bar itace da inda ka cire shi. Inda ka bari shi ne haske. Inda ka cire kuwa, baƙin allon da za a manna a baya ne zai leƙo ya zama inuwa. Duk abin da ke tsakanin fari da baƙi a hoto, wato kusan fuskar gaba ɗaya, sai ka yanke masa hukunci.

Da kwamfuta ake farawa. Ana ɗaukar hoton a mai da shi toka-toka a manhaja irin GIMP, wadda kyauta ce, sannan a ja wani ma'auni da ke raba duhu da haske gida biyu. Mutane na zaton a nan aikin ya ƙare, alhali nan ya soma. Manhaja ba ta san cewa za a yanka abin ba. Takan bar ɗigon haske a tsakiyar baƙi, kamar ƙyallin ƙwayar ido, kuma da zarar zarto ya kewaye shi zai faɗi ƙasa. Masu rubuta allunan shaguna da fenti sun san wannan tun tuni, shi ya sa harafin O a kwalinsu yake da 'yar tsaga sama da ƙasa. Mu ma haka muke yi. Kowane tsibiri sai an yi masa gada, a ɓoye ta cikin gira ko ninkin ɗankwali.

Akwai kuma matsalar da darussan intanet ba su cika damuwa da ita ba, don galibin hotunan da suke gwaji da su na farar fata ne. Baƙar fuska a tsohon hoto, musamman in mai ita na sanye da fararen kaya, takan koma dunƙulen baƙi ɗaya da idanu biyu. Dole a raba hoton, a yi wa fuska nata ma'aunin, tufafi nasu, sannan a haɗe.

Hoton kakata ne ya fi ba ni wuya. Inna muke ce mata, Bagobira ce, kuma hotonta ɗaya tak ya rage a danginmu, ɗan ƙarami da aka yi mata don takardun tafiya Makka. Tana da zane a kumatu, daga gefen baki zuwa wajen kunne, shida a ɗaya, bakwai a ɗayan. Manhaja ta share su tas, ta ɗauke su a matsayin dattin hoto. Abin da ya fito tsohuwa ce mai kamala, amma tsohuwar kowa ce.

Sai na buga shi a takarda na koma ga fensir. Layi goma sha uku a kuncin da bai kai tafin hannu ba yana nufin itacen da ke tsakaninsu zai zama kamar haƙoran mataji, kuma filawud ɗin da nake aiki da shi kaurinsa milimita 3 ne. Kanin mahaifiyata ya ce in rage su zuwa uku-uku, ai za a gane. Ban yarda ba. Uku-uku fuskar wasu mutanen ce daban, kuma Inna da kanta takan ƙirga mana su da yatsunmu muna yara. Abin da na yi shi ne na faɗaɗa hoton duka, na sadaukar da rabin adon mayafinta, na bar kowane layi ya katse a tsakiya don katakon ya riƙe kansa.

Yankan kansa haƙuri ne kawai. A manna takarda da gam, a huda kowane gurbi, a zura ruwan zarto ta ramin, a ɗaure, a yanka, a kwance, a koma na gaba. Ƙananan wurare na tsakiya ake fara yi tun allon yana da ƙarfinsa. Na haɗa allo uku na yanka su tare, don kaurin yana hana karyewa, ga shi kuma 'ya'yanta uku ne suka rage.

Da na kai wa mahaifiyata nata, ba ta ce ya yi kyau ba. Ta sa yatsa a kuncin hagu ta ƙirga, ta koma na dama ta ƙirga. Sannan ta ce hancin ya ɗan yi tsawo, kuma in samo ƙusa.