Tsohuwar Kwamfuta da Sabuwar Ma'ajiya: Yadda Ake Yi a Jamus, Yadda Ake Yi a Gida

A nan Jamus, idan ka ga mutum ya kwance tsohuwar kwamfutar tebur yana sake mata bayos, da wuya a ce talauci ne ya sa shi. Yawanci sha'awa ce, irin ta mai kiwon tantabaru. Yana da wata sabuwa a ɗaki, wannan ta wasa ce. A wajenmu kuwa, daga Dangoma zuwa Kalgo har Birnin Kebbi, wanda ya ɗauki kwamfutarsa ya nufi wurin mai gyara, abincinsa ya ɗauka.

Bari in faɗi abin da ake yi ɗin. A jikin babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira bod, akwai wata 'yar ƙwaya mai ƙafa takwas, ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. A cikinta bayos yake, wato manhajar da ke fara farkawa idan an kunna na'ura, ta duba kayan da ke ciki, ta nemo inda Windows yake ta tashe shi. An fitar da ƙa'idar sababbin ma'ajiyai na NVMe a 2011, amma sai wajen 2014 masu ƙera bod suka fara sa wa bayos ilimin tashi daga kansu. Don haka kwamfutocin 2012 da 2013, irin su Dell OptiPlex 7010 da suka cika shagunan buga takardu a Arewa, ba su san wannan ma'ajiya ba a lokacin tashi. Bayan Windows ya tashi daga wani wuri, yana ganinta sarai, a ajiye kaya a ciki. Amma a ce daga ita za a tashi, a'a.

Maganin da masu sha'awar nan suka samo shi ne su kwafo bayos ɗin, su buɗe shi da wata manhaja mai suna UEFITool, su cusa ɗan guntun da ke koya masa karanta NVMe, sannan su mayar. Ribar a bayyane take a takarda: ma'ajiyar SSD ta hanyar SATA ba ta wuce megabait 550 ko kusa da haka a daƙiƙa, ita kuwa NVMe a kan layi huɗu na PCIe 3.0 tana kai wa wajen 3,500.

Na zauna kusa da wani dattijo a ɗaya daga cikin wuraren gyaran sa-kai da ake kira Repair Café, al'adar da Martine Postma ta fara a Amsterdam a 2009 ta bazu har nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jinkirinsa. Ya maƙala ɗan matsi a kan ƙwayar, ya tabbatar jar waya ta dace da ƙafar da ke kusa da ɗigo, ya haɗa da ƙaramar na'urar CH341A. Ya karanta bayos ɗin, ya adana. Ya sake karantawa, ya gwada biyun ya ga ba su saɓa ba ko da harafi. Ya rubuta sunan bod da kwanan wata a jikin fayil, ya kai kwafi ɗaya cikin filash ya ajiye gefe. Sai bayan nan ya taɓa wani abu.

Wannan na'urar ba baƙuwa ba ce a gida. Ka je Farm Centre ko titin Beirut a Kano, za ka iske yara matasa da suka fi dattijon nan saurin hannu nesa ba kusa ba. Su ba sa ma jiran matsi, da iska mai zafi suke ɗaga ƙwayar, su yi mata filashin, wato su sake rubuta bayos ɗin, su mayar kafin shayi ya huce. Sai dai inda aka nufa da gwanintar daban ne. A gida ana taɓa bayos ne idan kwamfuta ta mutu: ta kawo wuta amma fuska baƙi ƙirin, ko an sayo ta 'yar Beljiyam da kalmar sirrin wani ofishin Turai a kulle. Mai gyara zai nemo bayos ɗin wata mai irin lambarta ya zuba. Ta tashi, mai kaya ya yi godiya, an sallami juna.

A nan ne nake ganin muna asara ba tare da mun lura ba. Cikin ƙwayar nan akwai abin da na wannan kwamfuta ne ita kaɗai: lambarta, adireshin katin sadarwarta, da mabuɗin Windows a waɗanda aka ƙera daga zamanin Windows 8. Idan aka zuba na wata a kai ba a adana na asali ba, sun tafi ke nan. Akwai kuma wani sashe na Intel a ciki wanda idan bai dace ba, sai ka ga na'ura tana ɓata lokaci kafin ta nuna fuska, ko fanka ta yi ta kuka, ko ta riƙa mutuwa da kanta bayan minti 30. Mai kaya zai ce ai tsufa ne. Ba tsufa ba ne.

Ƙanena da ke da shagon buga takardu a kan hanyar Kalgo, wanda ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ke kawo masa aiki, ya kira ni kan maganar sa wa kwamfutarsa NVMe. "Yaya, an ce idan an yi mata wannan aikin za ta riƙa gudu ninki shida. In kai ta Birni?"

Na ce masa ya bari. Wanda ke buga furojet da takardun neman aiki ba zai ji bambancin 550 da 3,500 ba. Babban tsalle yana tsakanin tsohon faifai mai juyawa da SSD ko wace iri ce, kuma wannan ba ya bukatar a taɓa bayos, a zare a saka ne kawai. Ga kuma maganar wuta. Bajamushe na iya yin filashin daga cikin na'urar kanta hankali kwance, don ɗauke wuta abin labari ne a wurinsa. A Kalgo, idan aka ɗauke ana tsakiyar rubutu, ko janareta ya yi tari, bod ya kwanta sai an kai shi an ɗaga ƙwaya. Yawancin tsofaffin laftof ma ba su da gurbin NVMe ɗin sam, maganar ta masu kwamfutar tebur ce.

Amma lissafin yana sauyawa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ya karɓar mafi yawan na'urorin da suka girmi zubin Intel na takwas. Ofisoshin Turai na sauke su da yawa, kuma mun san tashar da irin wannan kaya ke nufa. Ma'ajiyan da ake cirowa daga sababbin laftof kuwa NVMe ne. Za a kai lokacin da mai gyara a Birnin Kebbi zai riƙe tsohon bod a hannun dama, NVMe mai araha a hagu, kuma wanda ya iya haɗa su zai ci kasuwar cibiyoyin jarrabawar JAMB da ɗakunan kwamfuta na makarantu. Na ce wa ƙanena idan ranar ta zo, ya tafi da filash ɗinsa, kada ya bar shagon sai an zuba masa bayos ɗinsa na asali a ciki.